Wutar cek injin ta kama a Camry haibirid: batir ne ko murfin tanki?

Tambaya: Ina da Toyota Camry haibirid (mai tafiya da fetur da kuma babban batir) ƙirar 2010, 'yar Amurka ce da aka shigo da ita ta Kwatano. Kwana biyu bayan na sha mai sai wutar cek injin ta kama, kuma wani lokaci nakan ji warin fetur ta bayan motar. Wani makanike ya ce babban batir ne ya fara mutuwa, wani kuma ya ce murfin tanki ne kawai. Wa zan bi a cikinsu? In murfin ne, gyara shi ake yi ko canzawa, kuma kowane iri na samu zai yi?

Amsa: Malam, kada ka bi kowa a cikinsu tukuna. Ka kai motar a sa mata kwamfuta a karanto lambar da ta ajiye, kuma ka tsaya ka ga lambar da idonka, ka rubuta ta. In ka ga P0455 ko P0456, ko wata daga cikin danginsu irin su P0442 da P0457, to motar tana ƙorafi ne cewa tururin fetur yana sulalewa ta wani wuri, kuma wurin da ake fara zargi shi ne murfin tanki. Lambar da ke nuna babban batir ya gaji daban take, P0A80 ce, kuma ba ta zuwa ita kaɗai a ɓoye: dashbod zai rubuta maka saƙon a duba tsarin haibirid, motar ta yi nauyi, injin ya riƙa aiki ba hutawa. Ban da haka ma, batir ba ya warin fetur. Daga abin da ka faɗa, zuciyata ta fi karkata ga makanike na biyu, musamman wannan kwana biyun da ka ambata, kuma zan gaya maka dalili.

Mutane da yawa sun ɗauki murfin tanki a matsayin abin da ke hana mai zubewa da hana datti shiga, shi ke nan. A tsofaffin motoci haka ne. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, lokacin da aka wajabta tsarin binciken nan da ake kira OBD-II, aikinsa ya wuce haka. Fetur abu ne mai saurin zama tururi, ko da mota na tsaye. Doka a can ta hana a bar tururin ya fita sarari, don haka aka haɗa tanki da wani gwangwani mai cike da gawayi na musamman da ke tsotse tururin ya riƙe. Idan injin ya tashi ya ɗau zafi, sai wani bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin daga gawayin ya ƙona shi tare da sauran mai. Duk wannan ba ya yiwuwa sai in tankin da tiyo-tiyonsa a toshe suke ruf, kuma ƙofa ɗaya tak da hannun mutum ke buɗewa yana rufewa kowane mako ita ce ta murfin.

A haibirid lamarin ya ƙara tsauri. Injinta ba kullum yake aiki ba. Kana cikin cunkoso a tsaye, ko kana tafiya a hankali da batir, injin a kashe yake, ke nan ba ya samun isasshen lokacin da zai kwashe tururin daga gawayin. In aka bar tururi yana ta kwarara cikin gwangwanin, zai cika ya fara fitarwa waje. Kamfanin Toyota ya bi hanyoyi biyu wajen magance wannan. A Prius ta Amurka daga 2004 zuwa 2009 an sa wata jaka mai motsewa a cikin tankin ƙarfe, tana kumbura in an zuba mai, tana motsewa in man ya ragu, don kada a bar wa tururi sarari. Masu irin wannan Prius sun san halinta: yau ta sha lita kaza, wata rana da sanyi ta ƙi shan haka. A taka Camry kuwa bawul aka sa tsakanin tanki da gwangwanin gawayi, yana rufe tankin gaba ɗaya, tururin ya taru a ciki da matsinsa. Shi ya sa in ka danna maɓallin buɗe ƙofar tanki ba ta buɗewa nan take, sai dashbod ya ce ka jira, a cikin kamar daƙiƙa 10 ta buɗe. A wannan ɗan lokacin motar tana sauke matsin ne zuwa cikin gawayi. Motocin da ake caja da wutar lantarki kuma suna shan mai, irin su Chevrolet Volt da Prius Prime, dukkansu da tanki rufaffe irin wannan suke aiki. To murfin motarka yana riƙe matsin da murfin wata mota da ba haibirid ba ba lallai ya taɓa gani ba, kuma in robarsa ta gaji, a nan ne tururin zai sami hanya.

Yanzu ga maganar kwana biyu. Toyota irin taka ba ta gwada tankinta lokacin da kake tuƙi. Sai ka kashe ta, ka tafi ka kwanta, bayan kamar awa 5 kwamfutarta ta farka da kanta ta kunna wani ɗan ƙaramin famfo da ke kusa da gwangwanin gawayi. Famfon zai fara zuƙar iska ta wani ɗan rami da aka yi masa na gwaji, mai faɗin rabin milimita, ya auna, sannan ya zuƙi iskar tsarin gaba ɗaya ya kwatanta. In tsarin bai riƙe kamar yadda ya kamata ba, kwamfuta za ta rubuta laifi amma ba za ta kunna wuta ba. Sai ta sake gwadawa a wani daren ta sake samun laifin, sannan wutar ta kama. Dare biyu ke nan. Mai mota kuwa ya riga ya manta da cewa shekaranjiya wani yaro a gidan mai ya ɗora murfin a karkace, sai ya fara tunanin wani babban abu ne ya lalace. Af, in ka taɓa fitowa da tsakar dare ka ji wani ɗan guri a ƙarƙashin motar tana kashe, ba aljanu ba ne, wannan famfon ne yake aikinsa na 'yan mintoci.

Rabin milimita bai kai kaurin allurar ɗinki ba. Tsagewa ɗaya a roba da ido ba ya gani sosai, ko ƙwayar yashi da ta maƙale a bakin tanki, ta isa.

Ga abin da za ka yi da hannunka kafin ka kashe ko sisi. Kashe motar sosai, ka tabbata rubutun READY ya ɓace daga dashbod, domin haibirid tana iya yin shiru tsit alhali a kunne take, injin kuma ya tashi da kansa ba sallama. Danna maɓalli, jira ƙofar ta buɗe, ka murɗa murfin a hankali. In ka ji ɗan huci, tsaya har ya ƙare kafin ka cire. Juya murfin ka dubi zoben robar da ke cikinsa a wuri mai haske. Matsa shi da farce. Roba mai lafiya tana da laushi, tana komawa yadda take. Wadda ta mutu za ka ga ta bushe ta yi tauri, ko ta baje ta kwanta, ko ta yi 'yan tsage-tsage a gefe, wani lokaci ma ta murɗe ta fita daga mazauninta. Motar 2010 da ta yi shekarunta a sanyin Amurka sannan ta zo ta sha ranar bazara a nan, in har murfinta na asali ne, ba abin mamaki ba ne robar ta gaji.

Daga nan ka dubi bakin tankin, wurin da robar ke zama. Wannan ne mutane suka fi mantawa da shi. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, sukan zo da tsatsa a wuyan tanki, kuma ko sabon murfi ka sa a kan baki mai tsatsa ba zai toshe ba. Ƙurar hunturu ma tana taruwa a nan ta haɗu da danshin mai ta zama wani ɗan kauri. Sami tsumma mai tsabta, ɗan jiƙa shi, ka share bakin daga ciki zuwa waje don kada dattin ya faɗa tanki, ka share robar ita ma, ka bari su bushe. Wasu suna shafa wa robar giris ɗin silikon. Ba laifi in ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma ni a ƙasarmu mai ƙura ban cika ba da shawararsa ba, don duk abin da ke da maiƙo yashi yake kamawa. Baƙin mai na injin kuwa kada ma ka fara.

Sai ka mayar da murfin, ka lura kada igiyar robar da ke riƙe shi ta shiga ƙarƙashinsa, wannan ma yana faruwa fiye da yadda ake zato. Murɗa har ka ji ƙas. Murfin Toyota na wannan zamanin ƙas ɗaya yake buƙata, kuma in ka sake shi za ka ga ya ɗan koma baya kaɗan, haka aka yi shi. Wasu motocin, musamman tsofaffin Honda, sai an ji ƙas uku, kuma galibi a rubuce yake a jikin murfin. Wannan ƙarar ba ado ba ce: a cikin murfin akwai wasu haƙora da ke zamewa da zarar matsewar ta kai, don kada mai ƙarfin hannu ya murƙushe robar. In murfinka yana ta juyawa ba ya yin ƙas, ko yana yin ƙas tun kafin ya kama, haƙoran sun cinye.

A nan amsar tambayarka ta biyu take. Murfin tanki ana share shi, amma ba a gyara shi. Na san akwai masu yanka robar tiyub su cusa, ko su naɗa leda, ko su nemo wani zoben roba mai kama da shi a kasuwa. Robar da ba a yi ta don fetur ba takan kumbura ko ta narke cikin 'yan makonni. Sannan a tsakiyar murfin akwai wani ɗan bawul mai sifirin da ke barin iska ta shiga in tankin ya zuƙe da yawa, don kada ya lotsa. Wannan ba a buɗe shi, ba a saita shi. In roba ta tsage, ko haƙora sun cinye, ko jikin murfin ya fashe, canzawa ne kawai, kuma kuɗinsa ko kusa da kuɗin da makanike na farko yake shirin karɓa a hannunka bai kai ba.

Kowane iri zai yi? A'a, kuma nan ne na fi son ka natsu. Murfi ya hau bakin tanki ya yi ƙas ba ya nufin ya dace. Tsawon wuyansa, kaurin robarsa, da ƙarfin sifirin ɗin bawul ɗinsa duk sun bambanta daga mota zuwa mota. Kada ka ɗauka cewa na Camry wadda ba haibirid ba ta shekara ɗaya da taka dole ya zama ɗaya da naka. Hanyar da ba ta da ruɗani ita ce ka ɗauki lambar shasin motarka, mai harufa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka ba mai sayar da kayan Toyota ya nemo maka lambar murfin da ita. Lambobin murfin tankin Toyota da 77300 suke farawa, lambobi biyar na bayan su ne ke rarrabewa. Ko a Ƙofar Ruwa za ka nema a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tafi da tsohon a hannunka ka jera su: tsawo, fasalin tiredi, wurin da igiya ke maƙalewa. Na jabu yawanci ya fi sauƙin nauyi, robarsa tana sheƙi kamar leda, ƙas ɗinsa kuma ba shi da ƙarfi. Murfi na hannu da aka ciro daga motar da aka farke, in orijina ne kuma robarsa da laushi, ya fi sabon jabu. Amma ka tuna shi ma shekarunsa na iya kai na wanda kake jefarwa, don haka in ka sami sabo orijina shi ne magana.

Murfi mai makulli fa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka ƙara tsoron masu zuƙe fetur, kuma na fahimci hakan. Sai dai ƙofar tankin motarka daga ciki ake buɗe ta, an riga an kulle. Irin murfin makullin da ake cewa yana hawa kowace mota kuwa yana iya kunna wannan wutar da kake son kashewa.

Sa sabon murfi ba wani aiki ba ne: cire igiyar tsohon daga ƙofar, maƙala ta sabon, murɗa har ƙas. Abin da ke rikita mutane shi ne wutar ba ta mutuwa a ranar. Kwamfuta sai ta yi gwajinta sau uku a jere ta ga lafiya kafin ta kashe wutar da kanta, kuma gwajin yana da sharuɗɗa. Dole motar ta huta awa 5 ko fiye, tankin kada ya kasance cike maƙil, ƙaramin batir, irin wanda kowace mota ke da shi, ya kasance da caji, sannan zafin ruwan injin da na iska su sauka ƙasa da digiri 35. In bayan awa 5 ruwan bai huce haka ba, sai ta ƙara jiran awa 2, in har yanzu bai huce ba ta ƙara awa biyu da rabi, daga nan ta haƙura sai wani karon. Ka duba wannan sharaɗin da kyau ka tuna da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, mota a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano. Ana iya yin kwanaki gwajin bai gudana ba. Haka wanda ke haya da motarsa dare da rana, ba ta samun hutun da za ta gwada kanta. Don haka wutar na iya daɗewa bayan an magance matsalar, kuma akasin haka ma na faruwa: murfi ya lalace tun bazara, wuta ba ta kama ba sai da sanyin damina ya shigo. Mafita ita ce a goge lambar da kwamfuta bayan an canza murfin. In makaniken yana da manhajar Toyota da ake kira Techstream, zai iya umartar motar ta yi gwajin nan take da safe kafin injin ya ɗau zafi, ka san matsayinka ba sai ka jira ba. Cire kan batir don a kashe wuta ba na son shi. Yana goge abin da mai gyara zai karanta, wutar kuma ta dawo bayan dare biyu in laifin na nan.

In ka sa murfi orijina, bakin tanki sumul, aka goge lamba, ta sake dawowa, to ba murfin ba ne, kada a sake sayar maka da wani. Saura tiyo da ya tsage, ko bawul ɗin da ke kai tururi injin ya maƙale a buɗe, ko gwangwanin gawayi ya fashe, ko shi kansa famfon gwajin ya sha ƙura da ruwa tunda a ƙarƙashin mota yake. Ana gano wannan da na'urar da ke hura hayaƙi a hankali cikin tsarin, a ga inda yake fitowa. Kada ka bari a hura masa iskar kwamfuresa ta falkanaiza, ƙarfinta ya fi abin da aka yi tsarin ya ɗauka. Game da warin da kake ji kuma, leƙa ƙarƙashin motar da safe. Wari kawai ba tare da jiƙa ba yana tafiya da labarin murfi. In ka ga danshi ko ɗigo a jikin tanki ko a ƙasa, ajiye motar, wannan ba abin jira ba ne. Haka in wutar cek injin ta koma ƙyaftawa maimakon tsayawa cak, injin ne ke tsallake wuta, ba ruwan murfi a ciki.

Wani zai ce ai motar tana tafiya lafiya, a bar wutar mana. Gaskiya ne murfi mara kyau ba zai tsayar da kai a hanya ba, man da ke tashi ta nan ma ba shi da yawan da za ka gani a aljihu nan da nan. Damuwata ita ce wutar guda ɗaya ce, laifuffukan da take sanarwa kuwa ɗaruruwa ne. In ka saba ganinta a kunne saboda murfi, ranar da wani abu mai tsada ya fara lalacewa ba za ka sani ba. Ga kuma ruwan damina da na wankin mota da ƙura da ke samun hanyar shiga tanki su je su toshe matatar famfon mai. Wanda nasa ya ɓace gaba ɗaya ya cusa tsumma, ya sani lagwani ya sa wa tankinsa.

Mai haibirid da aka ƙera don Turai kada ya ce tasa ba ta taɓa kunna wuta ba don haka murfinsa lafiya. Yawancin waɗannan ba sa yin wannan gwajin na yoyon tururi, sai dai hanci da ido. Masu Ford Fusion haibirid da sababbin Honda Accord kuma ba su da murfi sam, wasu 'yan ƙofofi ne masu sifirin a bakin tanki da bakin famfon gidan mai ke turawa. Nasu kulawar ita ce share ƙurar bakin, kuma in za a zuba daga galan a yi amfani da mazurarin da ya zo da motar a but, don mazurarin 'yan bumburutu na iya lanƙwasa ƙofar ta daina rufewa.

Mafi yawan lalacewar nan a gidan mai take farawa, tunda a wurinmu ba mai mota ke zuba wa kansa ba. Ka riƙa fitowa kana rufe murfinka da hannunka, ko aƙalla ka saurari ƙas ɗin. In famfo ya katse da kansa, a tsaya nan. Wannan ɗabi'ar ta girgiza mota ana ƙara dannawa don kuɗin ya cika daidai tana tura ɗanyen fetur cikin gwangwanin gawayi, wanda tururi kaɗai aka yi shi ya sha, kuma canza shi ya ninka kuɗin murfi sau da yawa. Kada kuma ka danna maɓallin tun kana bayan layi. Bawul ɗin da ke sauke matsin yana rufe kansa bayan minti 30, in aka zo zuba maka bayan haka famfo zai riƙa katsewa ko man ya yi amai waje. In hakan ta faru, rufe ƙofar ka sake danna maɓallin.

Ranar da ƙaramin batir ya mutu ko maɓallin ya ƙi aiki, akwai abin ja na gaggawa a cikin but, ta gefen da tankin yake, bayan shimfiɗar bango. Shi ƙofar kawai yake buɗewa, ba ya sauke matsin da ke cikin tankin. Don haka ka kwance murfin sannu a hankali, fuskarka a gefe, ka bar hucin ya ƙare, kuma ka ce wa mai zubawa ya rage gudun famfo.